Yaron Da Yake Magana Da Haƙora

Makonni uku ke nan a jere ina cika muku wannan fili da batun tsadar taki da rigimar 'yan majalisa, har wani abokin aikina a nan ofis ya tambaye ni ko na manta cewa mutane suna da gidaje, a cikin gidajen kuma akwai abin da ya fi taki hana barci. Ya yi gaskiya. Saboda haka yau gida zan koma, watau gidan yayata da ke Yelwan Tudu a Bauchi, kuma sai da na nemi izininta da na maigidanta kafin in ɗauki alƙalami. Sunan yaron da zan yi magana a kansa ba zai fito ba. Da ma ita kanta ba ta faɗinsa, domin ɗan fari ne. "Yaron nan" take cewa, ni ma haka zan ce.

Ran wata Asabar cikin daminar bara aka yi suna a gidan maƙwabtansu. Mata sun cika tsakar gida, an ƙure lasifika, yara suna ta guje-guje. Yaron nan, mai shekara huɗu da rabi a lokacin, yana raɓe a bayan randa ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Sai wata yarinya 'yar shekara shida ta zo ta ja hannunsa don su je su karɓi alewa. Bai yi wata-wata ba ya kafa mata haƙora a dantse, sai da ƙyar aka ɓamɓare shi. Da aka janye shi kuwa ya zube ƙasa yana buga goshinsa da daɓe, yana ihun da ya fi na lasifikar. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kowa da irin hukuncinsa. Wannan ta ce sangarta ce, an hana shi duka. Waccan ta ce iska ce. Wata tsohuwa ta ce tun ranar da ta ga yana tafiya ya ɗage dugadugai ta san ba shi kaɗai ba ne a jikin nan. Uban yarinyar ya aiko cewa in aka sake, gaban mai unguwa za a je, kuma ban ga laifinsa ba, don na ga shaidar haƙoran.

Ni kawunsa ne, a gabana ya tashi, abin da idona ya gani zan faɗa. Yana da shekara ɗaya da rabi yana cewa "Baba" da "ruwa" da wasu kalmomi biyu ko uku. Kafin ya cika shekara biyu duk suka ɓace kamar an wanke allo. In ka kira shi ba ya waiwayowa, har aka yi zaton kurma ne, amma a ɓare ledar biskit a ɗaki na uku, sai ka gan shi a bakin ƙofa. Ba ya haɗa ido da mutum. Ba ya nuna abu da yatsa. In ƙishirwa ta kama shi sai ya ja hannun uwarsa ya ɗora a kan murfin randa, sai ka ce hannun ludayi ne. Yana da marafan kwalaben lemo fiye da hamsin da yake jerawa a bakin tabarma, layi ɗaya ɗoɗar, ya kwanta ya sa kunci a ƙasa yana dubansu, wanda duk ya gusar da ɗaya kuwa ya ɓallo wa gidan ruwa. Abincinsa farar shinkafa ba miya, sai biredi. Barcinsa ba ya wuce awa huɗu ko biyar a dare, na uwarsa ma ke nan.

Masu cewa an hana shi duka ba su sani ba. An dake shi da hannu, an dake shi da tsumagiya, abin da ya ƙaru kawai shi ne ya koma cizon bayan hannunsa har wurin ya yi kanta. An yi masa hayaƙi iri-iri. Wani mai kemis ya sayar wa ubansa maganin tari, ya ce a riƙa ba shi da dare ya yi barci. Ya wuni yana layi kamar mashayi, da maganin ya sake shi kuma ya fi da. Makarantar kuɗin da aka sa shi ta sallame shi bayan mako biyar, ba ta mayar da ko kwabo ba. Bayan abin da ya faru ran suna, Hajiya kakarsa ta wajen uba, wadda take ƙaunarsa ƙwarai, take kiransa "maigidan nawa", ita ce da bakinta ta ce a samo igiya a riƙa ɗaure ƙafarsa a jikin turmi in za a yi girki, wani ɗan'uwa kuma ya kawo sunan wani gidan mari. A daren ne Yaya ta buga mini waya. "Auta," in ji ta, "ni dai ban san me na yi wa yaron nan ba. In aka ɗaure shi, ni ma ba zan zauna a gidan ba." Aure mai shekara bakwai ke nan yake lilo a kan igiyar ɗaure akuya.

Sai da muka yi zuwa uku wurin wata likitar yara a cikin gari, aka yi gwajin ji aka tarar kunnensa garau, sa'an nan aka haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa, kafin a ba abin suna. Likitoci suna kiransa otizim. Wasu 'yan'uwana 'yan jarida sukan ce galahanga, amma ni ina ɗari-ɗari da kalmar, domin a bakin jama'a ta zama buhun da ake zuba kowace irin lalurar yara a ciki. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki, yana kuma bayyana ta fuska biyu: wahalar cuɗanya da isar da saƙo ga mutane, da kuma nacewa a kan abu ɗaya da ƙin canji. Da yawansu kuma ji da gani da taɓawa suna isar musu da ƙarfin da ya wuce namu, ta yadda ƙarar da kai ba ka ma lura da ita ba, shi kamar ana huda masa kunne da basilla ne.

Wani likita a Baltimo ta Amurka, Leo Kanner, ya bayyana abin a rubuce a 1943, bayan ya nazarci yara 11. An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne, har wani mai bincike, Victor Lotter, ya zaga wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya, ya buga sakamakonsa a 1978 cewa ya sami yara masu shi a nan ma. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 shi ne yaro 1 cikin kowane 100. A Amurka, inda ake bin yara da gwaji tun suna goye, lissafin da aka fitar a 2025 ya kai 1 cikin 31 na 'yan shekara takwas, maza sun ninka mata fiye da sau uku. Ko da ƙaramin lissafin muka ɗauka, unguwar da ke da yara dubu tana da kamar goma. To, daga Yelwan Tudu zuwa Yelwan Makaranta da Kagadama da Gwallameji yara dubu nawa ne? Ina goma-goman suke? Suna nan a ƙuryar ɗaki, an ja musu ƙofa.

Tambayar Yaya kuwa, ta me ta yi wa yaron, wasu manyan masana sun taɓa amsa ta da zalunci. Shekaru da dama bayan Kanner ana koyar da cewa sanyin uwa da rashin jan ɗanta a jiki ke kawo abin. Da haka ne, ai da kowane ɗan fari a ƙasar Hausa ya kamu, tun da uwarsa ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi masa wasa a gaban mutane! Binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977, da waɗanda suka biyo bayansa, sun nuna gado ne ke da kaso mafi girma. Haka nan batun allurar rigakafi: likitan Ingilan da ya tada wannan ƙura a 1998 da yara 12, an janye takardarsa a 2010, an kuma soke sunansa daga rajistar likitoci, sa'an nan wani bincike a Denmak kan yara fiye da 650,000 da aka buga a 2019 bai sami wata alaƙa ba. Mu da muka ga yadda shan inna ya sake bazuwa bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003, bai kamata a sake sayar mana da wannan haja ba.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya. Cizo da duka ba sa cikin alamomin da ake gane otizim da su, akwai masu shi da ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Amma abin yana da yawa: a wani bincike na 2011 a Amurka kan yara 1,380, iyayen kashi 68 cikin ɗari sun ce yaron ya taɓa kai wa mai kula da shi hari, kashi 49 kuma ya taɓa kai wa wani na waje. Dalilin ba boyayye ba ne in mutum ya sa kansa a wurin. A ce an kai ka ƙasar da ba ka jin harshensu, haƙori yana maka zogi, ana buga ganga a kunnenka, wani ƙato kuma ya zo ya finciki hannunka ba ka san inda zai kai ka ba. Ka yi nuni ba a gane ba, ka yi kuka an ce ka yi shiru. Me ya rage maka? Yaron da ba shi da kalmar "bari" yana da haƙora, kuma tun ranar da ya gwada ya ga nan take an sake shi, ya koyi cewa wannan ita ce kalmar da manya suke ji.

Likitan bai ba mu magani ba ran farko, abin da ya ɓata wa maigidan Yaya rai, don a ganinsa asibitin da ba a ba da ƙwaya ba an yi asarar kuɗin mota. Littafin rubutu na 'yan firamare ya ce a saya. "Malama," ya ce da Yaya, "duk sa'ad da ya yi cizo ko ya buga kai, ki rubuta abu uku: ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin nan, me kuka yi masa bayan nan. Mako uku, sa'an nan ki dawo." Na ga littafin, kuma a shekarun da na yi ina aikin jarida ban karanta rahoton da ya fi shi tona asiri ba. Fiye da rabin abin yana faruwa ne tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na safe, da kuma bayan la'asar, watau daidai lokacin da ake tada injin markaɗe a gidan da ke jingine da katangarsu. Wani kason kuma duk ranar da aka share tsakar gida aka kwashe marafansa ne, ko aka bi da shi wata hanya dabam zuwa kasuwa. Sa'an nan shafin "bayan nan" ya nuna abin da ba wanda ya so gani: kusan kullum in ya yi cizo, sai a ba shi biskit ko a miƙa masa waya don a sami lafiya. Ashe da hannunmu muke biyansa lada.

Saura wasu da ba su da lokaci ba su da dalili, musamman na tsakar dare, da dukan kunci da yake yi da dunƙulen hannu. Hajiya ce ta warware wannan. Tana ba shi shinkafa ta lura gefe ɗaya yake taunawa. Ta sa aka riƙe mata fitilar waya ta leƙa bakin "maigidan nata", sai ga turmin haƙori ya yi kogo baƙi ƙirin. Allah kaɗai Ya san watannin da ya yi yana fama da shi, muna dukansa a kan yana dukan kansa. Likitoci sun san wannan sarai: yaron da ba ya magana in halinsa ya canja farat ɗaya, a fara duba haƙori da kunne da taurin bayan gida da rashin barci tukuna. Haka kuma farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara, wani lokaci ba ta faɗuwa ba ce, ƙamewa ce ta 'yan daƙiƙu da ido a kafe, kuma wannan aikin asibiti ne ba jinkiri.

Da aka cire haƙorin, na dare ya ragu ƙwarai. Na injin kuwa, Yaya ta shiga wurin matar gidan suka yi magana ta fahimta. Yanzu kafin a tada shi sai a aiko yaro ya faɗa, ita kuma ta shigar da shi ɗakin da ya fi nisa ta rufe taga. Marafan an sama musu gwangwani, shi yake kwashewa da kansa in an nuna masa tsintsiya. Amma babban aikin shi ne ba shi wata kalmar a madadin haƙora. Tun 1985 wasu masana biyu a Amurka, Edward Carr da Mark Durand, suka nuna cewa in aka gano abin da yaro yake nema da tashin hankalinsa, aka koya masa hanya mai sauƙi ta neman abin, tashin hankalin yakan faɗi ƙasa warwas. Mun ɗauki hoton kofinsa, da kwanonsa, da takalminsa, da ƙofar ɗaki, aka wanke a shagon hoto aka manne a kwali. In ya ja hannun uwarsa zuwa randa, sai wani ya kama nasa hannun ya ɗauki hoton kofi ya miƙa mata, ita kuma nan take ta ce "ruwa" ta ba shi. Sau ɗari nawa aka yi haka, ban ƙirga ba. Sharaɗin dai shi ne hoto ya fi cizo saurin biya: ya miƙa a ba shi yanzu, ya yi cizo kuwa a janye wanda ya ciza, ba tsawa, ba biskit.

In abin ya riga ya taso masa, to, ba lokacin tarbiyya ba ne. A ɗauke jariri da wuta da wuƙa, a sa matashi tsakanin kansa da bango, mutum ɗaya ya tsaya kusa, sauran su watse, a rage magana. Taron 'yan kallo da "kai, bari!" daga baki goma fetur ne. Akwai magani, irin su risperidone da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006 domin tsananin fushi da cutar da kai ga yara masu shekara biyar zuwa sama, amma ba ya warkar da otizim, yana sa ƙiba da kasala, kuma likita ne kaɗai zai rubuta shi ya riƙa bibiya, ba mai kemis ba. Wani abu kuma da ba a faye faɗa ba: yaran nan sukan sulale su fice, ruwa yana jansu, nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke hallaka su. Mai irin wannan yaro ya yi wa rijiyarsa murfi da kwaɗo yau, ya kuma tuna da kududdufan damina. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, Yaya tana tofa masa safe da yamma. Abin da likita ya roƙa a daina shi ne turnuƙe shi da hayaƙi da dannewa, ga wanda ƙamshin turare ma yake gigita shi.

Igiyar nan da aka ambata ba a gidan yayata aka fara tunaninta ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, a wuraren gargajiya, da na addinin Musulunci da na Kirista, har da na gwamnati. Iyayen da suke kai 'ya'yansu irin wuraren nan yawancinsu ba mugaye ba ne, gajiya ce da rashin wata ƙofar. Doka dai an yi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, a Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta zaunar da yaro a aji.

A nan Yelwa akwai cibiyar ilimi na musamman ta gwamnatin jiha da aka sani da koyar da kurame da makafi, a cikin gari kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sashen yara da na ƙwaƙwalwa. Jami'ar Jos da ta Bayero suna yaye malaman ilimi na musamman kowace shekara. Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Bauchi ƙarami ne: aji ko da ɗaya ne a firamaren gwamnati ta kowace babbar unguwa, mai yara kaɗan da malami biyu da suka san aikin, da kuma koya wa ma'aikatan awon jarirai su riƙa tambayar uwa, in yaro ya kai shekara ɗaya da rabi, ko yana waiwayowa in an kira shi, ko yana nuna abu da yatsa. Tambaya biyu ce, ba ta cin kasafin kuɗi. Da an yi wa Yaya ita, da mun rage shekara uku na duka.

Ba na yi wa kowa alkawarin abin mamaki. Gaskiya ne wani matashi ɗan ƙasar nan mai otizim, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ya kafa tarihin zane mafi girma a duniya, aka baje shi a Abuja ran 2 ga Afrilu 2025. Gaskiya ne kuma wasu za su buƙaci mai kula da su har tsufa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Donald Triplett, yaro na farko a cikin sha ɗayan Kanner, wanda aka taɓa kai shi gidan killace yara yana ƙarami, iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Ya yi shekaru fiye da sittin yana aiki a bankin ƙaramin garinsu a jihar Misisipi, yana tuƙa motarsa, mutanen garin sun san halinsa sun bar shi da shi, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Yaron nan yanzu ya haura shekara biyar. Cizo bai ƙare ba. A littafin Yaya na watan jiya sau uku ne, a da kuwa ukun a wuni ɗaya yake yi. Makarantu biyu sun ce ba su da wurinsa, ta uku ta ce sai in uwarsa za ta riƙa zama da shi a aji, ga ta da goyo. Uban yarinyar da aka ciza har yanzu gaisuwarsu da maigidan Yaya sama-sama ce. Ran Lahadin da ta wuce na je, ina zaune a tabarma muna taɗi da Hajiya, sai ya zo bai dube ni ba, ya ajiye mini kwali a cinya ya tsaya. Hoton takalmi ne. Hajiya ta ce, "To, Kawu, maigidan nawa ya ce a fita da shi, kuma doka ita ce yanzu-yanzu." Na bar shayina na sa takalmi, muka bi hanyar da ya saba, ta bayan masallaci, har bakin titin Dass, muka tsaya yana ƙirga motoci da ido.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.